Sainadawo

Shekara goma sha huɗu na yi ina aikin jarida kafin ƙafata ta taka Jidda, kuma a iya sanina ban taɓa cutar da mutumin da ya ba ni labarinsa ba. Ni dai an zage ni a kan mumbari. An fasa mini gilashin mota a Jos saboda na rubuta cewa uwar da aka kashe wa ɗa a coci da wadda aka kashe wa a masallaci kuka iri ɗaya suke yi. Wani ɗan siyasa ya taɓa aiko mini da saƙo cewa ya san makarantar da ƙanwata take zuwa. Duk wannan bakina ne ya jawo mini, kuma na ɗauka. Amma a Jidda wani dattijo ya damƙa mini amanar rayuwarsa ana saura 'yan makonni ya koma gida bayan shekara ashirin da shida, ni kuwa na tare masa hanya da kalma ɗaya tak. Labarinsa zan bayar, sai dai dole in fara da yadda aka yi na same shi.

Zangona na farko Madinar Masana'antu ne, wata unguwa can kudancin Jidda, inda ba ka ganin komai sai rumbunan ajiya da manyan motoci, iskar wurin kuma warin ƙonanniyar roba take yi. Wanda ya yi mini hanyar tafiya ya rantse da Allah cewa wata mujalla ce ke neman editan Hausa. Ni kuma a lokacin saƙon ɗan siyasar nan ya hana ni sakat, ko sharar titi aka ce in zo in yi da na duba. Washegarin saukata direba ya ajiye ni a ƙofar wani kamfanin robobi. Kafilina, wato mutumin da zamana a ƙasar yake wuyansa, ya karɓi fasfona ya jefa a aljihun tebur ya murza makulli.

Na tattaro Larabcin Islamiyyar da na taso da shi na ce, "Ina mujallar take?"

Ya kalli na kusa da shi suka bushe da dariya. Sannan ya jawo wata takarda mai sheƙi ya turo mini. Hotunan bokitai ne da bahuna da kujerun roba, kowanne da lambarsa a ƙasa.

Ya ce, "Ga mujalla. Yalla, aiki."

Aikin shi ne in tsaya tsakanin shugaban ma'aikata da matan ƙasarmu da na Nijar masu jera kaya a kwali. Shi ya daka tsawa da Larabci, ni in mayar da ita Hausa. Wallahi rabin abin da yake faɗa ban taɓa fassarawa ba. In ya ce jakuna, sai in ce, "Ya ce ku ɗan ƙara sauri, sannunku da ƙoƙari." Matan sun sani sarai, ai sun fi ni jin Larabcin. Ƙyale ni kawai suke yi.

A nan na fara sanin cewa ni baƙa ce. Kada a yi mini dariya. A gida ni Bahaushiya ce, Musulma, 'yar Jos mai tsiwa, babu abin da ba a kira ni da shi ba, amma ba wanda ya taɓa duban fatata ya yanke mini matsayi. A Jidda in na shiga kanti, kafin in buɗe baki mai kantin zai tambaye ni me uwar ɗakina ta aiko ni saye. A titi a leƙo ta tagar mota a ce "takruniyya", kalmar da mu muke cewa takari, amma a bakinsu ta fi kusa da zagi. Wanda ya fi ci mini rai a masallaci ya faru. Na shiga sahu na haɗa kafaɗa da wata mata kamar yadda aka koya mana tun muna yara, sai ta janye gefen abayarta a hankali ta matsa. Na idar da sallar nan ban san me na karanta ba. Ba zan ce duk haka suke ba, don akwai wata tsohuwa mai sayar da burodi da ba ta kirana da komai sai "binti", wato 'yata, har na bar garin. Amma abayar nan da aka janye ta fi daɗewa a raina.

Zango na biyu Madain Fahd ne, inda na kama ɗaki a gidan Hajja Amna. Bahaushiyar Sudan ce. Kakanta ya taso daga ƙasar Katsina da ƙafa zai sauke farali, guzuri ya ƙare masa a bakin kogin Nilu, ya tsaya ya ɗan yi noma, noman da bai gama ba har ya koma ga Allah. Ita aure ne ya ƙarasa da ita Jidda. Hausarta irin ta kakanninmu ce, an barbaɗa mata Larabci. 'Ya'yanta suna ji, amma da Larabci suke amsa mata, ita kuma ta bi su da zagi da Hausa.

Satina na farko ta same ni kwance na juya wa bango fuska. Ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Ke Jummai, kuka ba ya sauya kafili. Taso ki ci abinci, halas, ya isa haka."

A ɗakin nan na koma rubutu. Duk mako nakan aika wa tsohon editana a Kaduna shafi ɗaya da sunan aro, wani gidan rediyo kuma ya karanta shi ranar Asabar da safe. Na rubuta a kan 'ya'yanmu da aka haifa a Jidda, iyayensu ma a nan aka haife su, amma babu ƙasar da ta ba su takarda. Na rubuta a kan masu wa'azin cewa Balarabe bai fi baƙi ba, alhali in baƙin ya zo neman 'yarsu sai a ce an riga an yi mata miji. Na rubuta a kan manyanmu da ke zuwa umara da zugar 'yan rakiya, su ratsa ta gaban tsofaffin garinsu masu shara ko sallama babu. Ni a ganina ina ƙoƙari. Ran nan editan ya bugo ya ce, "Jummai, rubutun ba laifi, amma ya yi sanyi. Ina Jummai ta da, mai hana mutane karin kumallo?" Maganar nan ta sosa ni ƙwarai. Na faɗe ta ne don a san da wace zuciya na je zango na uku.

Hajja Amna ce ta tura ni. Ta ga ina ta ramewa, ta ce, "Cikin nan naki tuwo yake nema. Ran Juma'a ki je Bab Makka, bayan 'yan yadi, ki ce a nuna miki Baba Lami."

Na ce, "Baba ne ko Lami?"

"Je ki dai ki gani. Surutu gare ki."

Ban ma sha tambaya ba, ƙamshin daddawa ne ya ja ni. Wani tsohon bene ne mai ƙunƙuntar matattakala, a hawa na biyu aka bar ƙofa a buɗe. Mutane na zazzaune a kan tabarmi, leburori da direbobi da matan aikatau, kowa da kwano a gaba. A tsakiyarsu wani dogon tsoho baƙi wuluk, da tsagar gado a kumatu, ya ɗaura zani a ƙirji a kan singileti, idonsa raɗau da kwalli, carbi a wuya, yana kwasar tuwo. Ƙafafunsa a kumbure suke, ɗaya an naɗe ta da tsumma. Yana ganina ya ajiye mara ya tafa hannu.

"Ahayye! Wace iska ce ta kwaso mana 'yar boko? Ke 'yar nan, ji wuya duk ƙashi. Ba sa ba ki abinci a gidan da kike? Zauna nan, kada ki faɗi a ce ni na kashe ki."

Tuwon shinkafa ne da miyar kuka, ya zuba man shanu ba tsoron Allah. Loma uku na kai sai hawaye. Mutane suka fara waigowa. Shi kuwa ko kallona bai yi ba, ya ɗaga murya ya ce, "Yajin ne, jama'a, yau hannuna ya zarce. Kowa ya ci tuwonsa." Tun daga ranar ban sake fashin Juma'a ba.

Baba Lami ɗan daudu ne, kuma a cikin ɗakin nan ba ya ɓoyewa. Amma in zai sauka ƙasa sai ya wanke kwallin tas, ya zura jallabiya, ya kafa hula, har tafiyarsa sai ta sauya. Umara ya zo ya maƙale, bai taɓa riƙe iƙama ba, wato takardar izinin zama. Duk Juma'a bayan la'asar yakan je shagon wani amininsa mai sayar da yadi, ya zauna a bayan kanta, bandir-bandir na shadda a bayansa, ya kira gida ta waya mai hoto. A garinsu shi Alhaji ne, babban ɗan kasuwar yadi a Jidda. Shi ya haƙa wa unguwarsu rijiya, shi ya yi wa masallacinsu rufi, duk da gumin muciya.

'Ya ɗaya gare shi. Kwananta takwas a duniya ya baro gida. 'Yar fari ce, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mata, kunya biyu ke nan, bakinsa ba zai taɓa iya furta sunan ba. A zamanin da babu waya, kaset yakan ɗauka ya ba alhazai su kai, a kunna a zaure dangi da maƙwabta su taru su ji. Kaset na farko, da ya zo kan jaririyar sai ya rasa me zai kira ta, ya ce, "Ku shafa mini kan... wadda na ce wa sai na dawo." Shi ke nan sunan ya bi ta. Ni ma da haka na san ta, kullum Sainadawo ta ce, Sainadawo ta haihu, Sainadawo ta aiko da kuka da kuɓewa busasshiya. 'Ya'yanta uku, bai taɓa ɗaukar ko ɗaya ba.

A shekarata ta biyu aka buɗe ƙofar afuwa. Duk wanda ba shi da iƙama ya kai kansa a ba shi takardar fita, ba ɗauri ba tara, amma akwai wa'adi. Baba Lami ya je ya ba da sunansa. Ciwon sukari ya riga ya fara cin ƙafar nan da yake naɗewa.

Ya ce mini, "Na gaji, 'yar nan. So nake in je in zauna a ƙofar gida jikoki su yi ta hawa kaina. In ta Allah ta kasance, a wanke ni da ruwan rijiyarmu."

Ni kuwa, Allah ya yafe mini, abin da ya faɗo mini shi ne labari zai tafi ya bar ni. Na roƙe shi ya bari in rubuta rayuwarsa. Sau biyu yana ƙi. Na ce masa akwai irinsa da yawa da ake tofa wa yawu ba a taɓa jin ta bakinsu ba, kuma har ga Allah na yarda da abin da nake faɗa. A karo na uku ya daɗe yana kankare gindin tukunya, sannan ya ce, "To rubuta. Amma ki rufa mini asiri."

Na ce, "Baba, ko duk 'yan sandan garin nan za su taru a kan takardar, ba za su gane ka ba."

Ya ɗago ya dube ni kamar zai ce wani abu, sai wani ya yi sallama yana neman tuwo, maganar ta wuce.

Juma'a uku muka yi yana ba ni labari. Yadda mahaifinsa ya ɗaure shi a turke yana ɗan shekara tara don an kama shi yana tuƙa wa uwarsa tuwo. Yadda aka yi masa aure don ya warke, da yadda ya riƙe matar da mutunci kamar ƙanwarsa, ya kuma sawwaƙe mata daga nesa don kada ta tsufa tana jira. Ya gaya mini labarin wani direba ɗan Chadi da suka zauna ɗaki ɗaya shekara goma sha ɗaya. Da mutumin ya rasu, Baba Lami a sahun baya ya tsaya wurin jana'iza, duk wanda ya tambaya sai ya ce maƙwabci ne. Na tambaye shi yadda yake ji in ya tsaya gaban Ka'aba. Ya ce, "Me zan ji? Cewa nake, ya Allah, kai ka yi ni, ka fi ni sanin abin da ka yi. In laifi ne ga ni, in jarrabawa ce na gaji." Na yi hira da gwamnoni da manyan malamai, ban taɓa fita daga wata hira jikina ya yi sanyi irin wannan ba.

Na zauna na yi aikin ɓoye shi kamar yadda na iya. Na sauya masa suna. Na ɗauke shi daga Jidda na kai shi wani gari. Tuwo na mayar da shi waina, ɗan Chadi na mayar da shi ɗan wata ƙasa, shekarun ma na rage. Ban ambaci jiharsu ba balle garinsu. Da na zo kan sunan 'yar sai na tsaya. Na ce a raina, ai wannan ba suna ba ne. Sunanta na yanka ni kaina ban san shi ba, babu wata takarda a duniya da aka rubuta Sainadawo a kai, shi da kansa ya riga ya ɓoye ta. Kuma, in faɗi gaskiya, duk rubutun babu abin da ya kai kalmar nan daɗi. Na bar ta. Editana ya ɗauko ta ya ɗora a kanun labarin da manyan baƙaƙe. Ranar Asabar aka karanta a rediyo, kafin azahar ya bugo yana ihu, "Jummai ta dawo! Wayoyinmu har sun yi zafi!" Na yi murna. Kwana biyar ina yawo da murnata.

Ranar Alhamis da yamma na dawo daga aiki na tarar da Hajja Amna a tsakar gida tana tsinke ganyen miya, wayarta a kan cinya. Wata 'yar'uwarta ce ta turo mata muryar mai karantawa, labarin ya zagayo har Jidda. Ta san ni ce, ta san ko wane ne. Ta kashe wayar ta dube ni.

"Wa ya ce ki sa sunan yarinyar?"

Na ce, "Hajja, ai ba sunanta ba ne. Sunan kunya ne kawai."

Ta saki ganyen ya zube. "La'ilaha illallahu! Ke a wane gari aka haife ki? Sunan yanka ai liman ne ya raɗa ya tashi, daga ranar wa ya ƙara jin sa? Sunan kunya shi ne wanda gari yake kira! A'isha nawa ce a ƙasarku? Fatima nawa? To Sainadawo guda nawa ce? Kaset ɗin nan a zaure ake kunna shi, ya miskina, a zaure!"

Ni da nake taƙama da Hausa, da ita nake ci da ita nake sha, sai ga wadda ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba tana koya mini abin da kowace tsohuwa a ƙauye ta sani.

Da sassafe na isa Bab Makka. Babu ƙamshin daddawa a matattakala. Tukwane a kife, tabarmi a naɗe. Yana zaune a kan kujera da jallabiya da hula, ga manyan jakunkuna biyu a gefensa da ya ɗaure tun makon jiya, cike da atamfofi da 'yan rigunan yara da dabino. Na durƙusa a gabansa.

Ya ce, "Tashi, ƙasan da sanyi."

Ƙanensa ya bugo tun ranar Lahadi. A shagon mai shayi aka fara ji, kafin a kai ƙarshen labarin wani ya ce, ai wannan Alhajinmu ne. Zuwa yamma babu gidan da ba a sani ba. Wasu sun daina salla a masallacin da ya rufa, samari na cewa a kware kwanon. Uwar mijin Sainadawo ta ce ta tattara ta tafi gidansu tukuna, yaran kuma a bar su. Ƙanen ya ce masa in ya kuskura ya sako ƙafa garin, to ya sani da hannunsa ya kashe auren 'yarsa. Ita kuwa ya kira ta ya fi a ƙirga, ba ta ɗauka.

Da ya zage ni da na ji sauƙi. Bakin nan da ke iya wanke mutum tas a tsakiyar kasuwa, ranar ko ɗaga murya bai yi ba.

Ya ce, "Da na ce ki rufa mini asiri, ke kin zaci waɗannan nake tsoro?" Ya nuna titi da haɓa. "Shekara ashirin da shida ina wasan ɓuya da su. Su in sun kama ni, ina za su kai ni? Ai gida za su kai ni, 'yar nan."

Na ce zan rubuta cewa ƙirƙira na yi, babu wani mutum irin wannan. Ya yi murmushi ya ce, "Wa zai yarda? Kin cika iya rubutu." Na rubuta duk da haka. Aka buga shi a wani lungu na shafin ciki, rediyo ba su ma karanta ba, garinsu kuwa suka ce an biya 'yar jaridar ne ta janye. Wa'adin afuwa ya zo ya wuce yana zaune. Bayan sati biyu ya kunna murhu ya ci gaba da tuwo, don masu ci ba su daina jin yunwa ba. Na ci gaba da zuwa duk Juma'a, yana zuba mini kamar da, har da man shanun. Tsiyar ce kawai ya daina yi mini, kuma rashinta ya fi duka ciwo. Bayan la'asar ba ya sauka shagon yadi, sai ya zauna yana jan carbi.

Wata huɗu bayan haka kwantiragina ya ƙare, kafili ya jefo mini fasfona a kan tebur. Na je sallama. Baba Lami ya bari mutane suka watse, ya tura ƙofa, ya zauna yana miƙe ƙafar da yanzu ba ta shiga takalmi.

"Akwai aikin da za ki yi mini. Kin ce kina neman hanyar gyara."

Na ce, "Ko mene ne, Baba."

"In kin je, ki rubuta cewa na mutu."

Na zaci ban ji daidai ba. Ya ci gaba a natse, kamar mai faɗa mini kayan miya. Mai shagon yadi zai bugo wa ƙanensa ya ce ciwon sukari ya tashi, an kai shi Makka an yi masa salla a Harami an binne. Amma ƙanen ba zai gaskata ba sai ya ji a inda ya ji na farko.

"Mutanenmu ba sa zagin gawa. Balle wanda ƙasar nan ta karɓa. Za su ce da abin da aka faɗa gaskiya ne da Allah bai ba shi makwanci a nan ba. Masu son su yarda za su yarda, sauran kunya za ta rufe musu baki. Yarinyar nan ta koma ɗakinta."

Na ce, "Baba, in na yi haka ba za ka ƙara jin muryarta ba har abada."

"Yanzu ina ji ne?"

"Ban da janyewar nan, ni ban taɓa rubuta ƙarya ba."

Ya dube ni ido cikin ido. "Na sani. Ai na ga abin da gaskiyarki ta yi."

Ranar ya gaya mini sunansa na yanka da na mahaifinsa da sunan garin, na rubuta a bayan tikitina. Ya ce in tafi da jakunkunan nan biyu, in ce kayan mamaci ne aka ba ni in kawo.

Layi biyar ne sanarwar. Ina sauka gida na kai ta gidan rediyon da kaina, aka karanta sau biyu bayan labaran rana. Ranar sadakar bakwai na shiga motar haya da jakunkunan, tafiyar awa shida, rabinta ba kwalta. Tun daga bakin unguwa na ga tabarmi har kan hanya. Masallacin cike yake, ana ta saukar Alƙur'ani. Na ji wani dattijo yana cewa, "Kai, Alhaji ya dace. A Harami fa! Masu ƙage kuma sai su je su ji da Allah." Na kusa da shi suka ce ƙwarai kuwa.

Aka shigar da ni cikin gida wurin mata. Ba sai an nuna mini ita ba, dogon wuyan nan da idanun duk nasa ne. Uwar mijinta na zaune a gefenta tana yi mata fifita, ana ta cewa gobe za ta koma ɗakinta. Na ajiye jakunkunan na ce daga Jidda aka ba ni. Ta kwance ɗaya, ta ɗago wata 'yar rigar yaro, ta duba ta ga ta yi wa autanta kaɗan, sai ta kifa fuska a cikinta. Da ta ɗago ta kama hannuna.

"Baiwar Allah, kin san shi?"

Na ce na san shi.

"Ya yi ta kirana ban ɗauka ba. Ya yi fushi da ni?"

Na ce bai yi ba, ko sau ɗaya. Wannan kam gaskiya na faɗa mata. Sannan na ce Allah ya jiƙansa, ta ce amin, matan ɗakin duka suka ce amin.

A tasha, kafin mota ta cika, na koma bayan wata rumfa na kira shi. Bugu ɗaya ya ɗauka. Ina jin hayaniyar masu cin tuwo a bayansa.

"An taru?"

"An taru, Baba. Har kan titi."

"Masallacin fa?"

"A cike."

"Ita fa? Kin gan ta da idonki?"

"Na gan ta. Gobe za ta koma ɗakinta."

Sai ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Ta yi kuka?"

Na ce, "Ta yi, Baba. Sosai."

Wani daga cikin ɗakin ya ƙwala masa kira yana neman ƙarin miya, ya amsa da cewa yana zuwa.

Sannan ya ce mini, "To alhamdulillahi. Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Ki goge lambar nan, kada wata rana ki manta ki kira mamaci."